Tafiyata Akra da Muryar Baba a Haɓar Zani

Tun da na dawo daga Akra ban huta da tambaya ba. Abokan aiki a gidan rediyo suna so su ji yadda taron ya kasance. Matan unguwarmu suna so su ji ko da gaske ne mutanen can tuwo mai tsami suke ci da kifi. Ƙanina kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko na ga teku. Na gaji da ba kowa guntun labari, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Sai dai dole in fara da abin da ya kai ni, domin taron hanya ce kawai na samu.

Ni 'yar wani ƙauye ce a gabashin Minjibir, inda gona take manne da gona, ba abin da ya raba ta wane da ta wane sai layin gamba. Aikina shirya shirin manoma a rediyo. Lokacin da nake sabuwar ma'aikaciya aka ce in kawo hira a kan binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa a bar shi ya jira ruwan farko. Ban san manomin da ya fi mahaifina iya bayani ba, saboda haka na ɗauki rikoda na tafi ƙauye, muka zauna a tsakar gida da hantsi na yi hira da shi. An sa hirar a rediyo sau ɗaya. Kaset ɗin kuwa, kamar yadda aka saba a wancan zamanin, an goge shi an ɗauki wani abu a kai. Sa'ar da aka yi, kafin a goge, wasu masu aikin raya karkara sun kwafi ɗanyun hirarrakin manoma sun ɗora a wani shafin intanet. Aikinsu ya ƙare, suka tattara suka tafi, shafin ya zauna ba mai duba shi.

Baba ya rasu. Bayan wasu shekaru kunnen Inna na dama ya daina ji, na hagu kuma ya fara bin sa. Likita a Kano ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa abin gaba yake yi, ba ya komawa baya. Wata rana ina gida, maƙwabciyarmu ta shigo tana kunna saƙon murya da mijinta ya aiko daga Kudu, Inna ta bi wayar da kallo. Da matar ta fita sai ta ce, "Mai rediyo, ke da kike ajiye muryoyin mutane, ta babanki fa?" Ni ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na kama aiki Mai rediyo take ce mini.

Na koma Kano na buɗe tsohon shafin. Sunayen manoman suna nan, na Baba yana ciki, amma inda ake danna a saurara ya zama farin akwati ba komai. Malam Tijjani, injiniyanmu, ya sauke fayil ɗin ya zuba mini a filashi. Ya ce sautin yana ciki, nauyin fayil ɗin ya nuna haka, amma an ɗinke shi a cikin wata tsohuwar manhaja ta wani kamfani wadda wayoyi da kwamfutoci suka daina karɓa. Na kai kasuwar waya, masu gyara suka gwada iya gwajinsu, suka miƙo mini da ban haƙuri. Ana cikin haka sai aka gayyaci gidan rediyonmu zuwa wani taron masu rubuta manhaja a Akra, a kan yadda sauti da bidiyo suke tafiya a intanet, suna neman wanda ya san yadda mutanen karkara ke saurare. Ba wanda ya so doguwar hanya. Ni na ce zan je.

Na biya ta gida na yi sallama. An gama sharar gonaki, an jera tulin taki ko'ina, kowa yana ɗaga kai yana duban gabas, ruwa bai sauka ba. Inna ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da yaji a leda. A wurinta duk wannan yankin Gwanja ne, inda kakanta yake zuwa fataucin goro. Ta ce, "Ki gaida mutanen Gwanja. In ba ta samu ba kada ki wahalar da kanki." Filashin kuwa na ƙulle shi a haɓar zanina, domin jaka tana iya ɓacewa.

A doguwar motar Legas na faɗa kujera ɗaya da Hajiya Ladi, 'yar Tofa, mai saro atamfa a Lome. Ta san hanyar kamar tafin hannunta. Kafin mu kai Zariya ta san sunana, da aikina, da abin da ya sa har yanzu ban gina gida ba. Da muka tsaya salla ta ga ina taɓa ƙullin zanina, sai ta matso.

"Hajiya Rabi, laya ce? Wa ya rubuta miki? In tana maganin masu duba kaya ni ma ina so."

Na ce ba laya ba ce, muryar mahaifina ce a ciki. Ta dubi ƙullin, ta ce, "Allah ya jiƙansa. To ki ƙara ƙulli ɗaya, wannan sako-sako ne."

Tun daga Kwara ƙasa ta koma kore, masara ta kai gwiwa. Duk inda muka tsaya sai in kira ƙanina in tambaye shi ko an yi ruwa, ya ce hadari dai ya taso ya baje. A Legas muka sauya mota zuwa iyakar Seme. Hajiya Ladi ta ja kunnena tun kafin mu sauka: in an tambayi sana'a in ce 'yar kasuwa. Amma bakin da ya saba karanta labarai bai iya wannan ba. Jami'ar ta ce sana'a, na ce aikin jarida. Nan take aka nuna mini benci. Ina kyamara? Babu. Ina rikoda? Babu. To me zan je yi? Na kwance haɓar zani na ɗora filashin a kan tebur. Matar ta ɗaga shi ta juya, ta dubi irin ƙullin da na kwance, ta fashe da dariya, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Ta ce kakarta haka take ɗaure goro. Ta buga mini hatimi, ta duba katin rigakafi, ta ce in wuce. A waje na tarar da Hajiya Ladi ta hana direba tashi, tana ta masifa da shi da wani irin Faransanci na kasuwa.

"Ban gaya miki ba? Ku 'yan boko gaskiya ce za ta kashe ku a hanya."

Kwatano babura ne da man fetur a kwalabe a bakin titi. A nan na fara ganin teku ta tagar mota, ga amsar ƙanina: na gani, launin toka ne, kuma ba ya yin shiru. Da muka shiga Togo direba ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa guda. Na yi shekara da shekaru ina faɗin ƙarfe kaza agogon GMT a makirufo, ban taɓa taka ƙasar da ake kwana ake tashi da wannan agogon ba sai ranar. A Lome Hajiya Ladi ta sauka. Ta cusa mini goro biyu a hannu, ta ce in na samu abin da na je nema in kira ta ta ji. Iyakar Aflawo da ƙafa na tsallaka, jaka a ka, wannan karon ban jira an tambaye ni ba na ce taro zan je.

Masaukina a Akra wani gidan baƙi ne kusa da teku, mu biyu a ɗaki. Abokiyar ɗakina Efuwa ce, 'yar can, tana cikin masu shirya taron, shekarunta ba su kai na ƙanina ba. Ita ta nuna mini alƙibla da wayarta. Abin da ya fi damuna laima ce. Na wanke mayafi na shanya, washegari na same shi kamar yanzu aka matse. A gida kafin ki gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe.

Tuwon mai tsami gaskiya ne. Dokunu suke ce masa, a nannaɗe da ganyen masara, ana ci da soyayyen kifi da jajjagen barkono. Loma ta farko na zaci ya lalace, na dubi Efuwa na ga tana ci da marmari, sai na haɗiye. Da safe ta kai ni bakin titi wurin wata mata mai koko da ƙosai, wai kokon Hausa suke kiransa. Na gaishe ta da Hausa, ta amsa da Hausar zango, ta ce kakanninta daga Kano suka zo amma ita ba ta taɓa zuwa ba. Ta tambaye ni ko da gaske ne ganuwar tana nan. Kokon na gero ne, da citta da kanumfari. Na tsaya a bakin kwata na shanye shi tas.

Zauren taron ya ba ni mamaki fiye da iyakoki uku da na tsallaka. Mutum zai shigo ya zauna kusa da ke ya buɗe kwamfuta, ba ina kwana ba ina gajiya. Da farko na ɗauka raini ne. Daga baya na gane in kika yi tambaya sai su ajiye komai su taru a kanki kamar an yi gobara. Kowa da sunansa rataye a wuya, tsirara ba Malam ba Hajiya. Wani dattijo mai furfura da aka ce yana cikin waɗanda suka tsara yadda bidiyo ke kunnuwa a shafi, yaran da suka kai jikokinsa suna kiran sunansa gatsal, har suna ce masa ya yi kuskure, shi kuma yana rubutawa yana godiya. Abinci a tsaye suke ci. In magana ta yi musu daɗi ba sa tafi, yatsu suke kaɗawa a sama. Bayan kowace kwamfuta cike da hotuna a manne, kamar bayan motar haya.

A ranar farko Efuwa ta bayyana mini abin da ya kashe shafinmu, na kuma fahimta da misalin gida. A da, duk mai son sa sauti a shafi sai ya aro manhajar wani kamfani, kamar mai noma a gonar aro. Ranar da mai gona ya ce ya daina, duk abin da aka shuka ya tafi. Yanzu kuwa an zauna an yi yarjejeniya a rubuce, a buɗe, kowa yana iya karantawa: ga yadda za a sa sauti, ga yadda za a sa bidiyo, ga yadda za a sa rubutun fassara a ƙasansa, kuma duk mai ƙera manhajar buɗe shafi ya bi. Ta ce babbar dokarsu ita ce kada sabon abu ya karya tsohon shafi. Na ce to namu fa? Ta ce namu bai taɓa shiga yarjejeniyar ba.

Da aka zo kaina na faɗa musu yadda ake saurare a garinmu: waya ɗaya, kunnuwa da yawa, sabis sai an fita bayan gari wajen dorawa, kuma abin da aka sauke sau ɗaya yana zaga gari daga waya zuwa waya a shagon caji. Na ce shafin da ya fara kunna bidiyo da kansa ya cinye datar mutum, ba za a sake buɗe shi ba har abada. Yatsu suka tashi sama. Wani ya rubuta maganata a inda suke tara matsaloli, kafin a tashi mutane daga ƙasashen da ban san su ba sun fara gardama a ƙarƙashinta.

Bayan azahar Efuwa ta kai ni wurin wani mutum da ke zaune a kusurwa, siriri, da wata 'yar na'ura maƙale a bayan kowane kunne. Ta ce sunansa Mutawakilu, ɗan zangon Kumasi, tsofaffin fayiloli ne sha'awarsa. Shi kaɗai a zauren ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da ina mutanen gida. Na kwance ƙullin na ba shi. Ya buɗe wani baƙin allo ya yi ta rubutu, ya tsaya, ya yi tsaki, ya tambayi na kusa da shi wani abu, ya sake rubutu. Kafin shayin da Efuwa ta kawo mini ya huce, ya miƙo mini abin saurare na kunne.

"Hajiya, ki gwada. Ina ga ya fito."

Na sa. Abin da na fara ji ba murya ba ce, turmi ne. Daka ce ta mutum ɗaya, da irin ɗan jinkirin nan da Inna take yi in za ta juya taɓarya. Zabi suna kuka a bayan danga. Sai tari, sai Baba ya ce, "To, an kunna ne?" Muryarsa ta fi yadda nake tunawa ƙarfi, kuma da sauri yake magana. Ya yi bayanin zurfin ramin binne, da yadda ɗan yayyafi yake yaudarar iri ya tsiro ya ƙone. Can tsakiya ya ce shekarar da binne ya fi yi masa kyau ita ce shekarar da ya sayi baƙin jaki. Dakan ya tsaya. Daga nesa muryar Inna ta ce, "Ba ita ba ce, Malam. Shekarar da aka samu yarinyar nan ce, jakin sai daga baya." Baba ya yi dariya ya ce, "To, kin ji innarki. Ita ke riƙe da shekaru a gidan nan." Dakan ya ci gaba.

Na saba zama a gaban makirufo in karanta labarin mutuwa murya ba ta rawa. Ranar sai da na ja mayafi na rufe fuska. Efuwa dai ta matsar da kofin shayin daga gefen hannuna.

Da na natsu, Mutawakilu ya tambayi wanda zai saurara. Na faɗa masa labarin Inna da kunnenta. Ya gyaɗa kai, ya koma kan allonsa, jim kaɗan ya ce in sake ji. Wannan karon murya ce kaɗai, tas, kamar an ɗauke ta a situdiyo. Ba turmi, ba zabi. Inda Inna ta yi magana kuwa shiru ne, domin manhajar da ke share hayaniya ta ɗauki muryar da ke nesa a matsayin hayaniya. Baba ya ambaci jaki, sai shiru, sai ya yi dariya shi kaɗai.

Na cire abin kunnen na ce, "Malam Mutawakilu, ka mayar da shi yadda yake. Ka share mana gida."

Ya ce, "Na farkon yana nan, ban taɓa shi ba. Amma wannan ne na tsohuwa."

Na ce bai san mahaifiyata ba. Matar da ta shekara hamsin a wannan tsakar gida ba murya kaɗai take kewa ba, gidan take kewa lokacin da yake cike. Kuma ta yaya zan kai mata hirar da aka cire ta daga ciki? Bai yi musu ba. Ya sa hannu ya zare na'urorin kunnensa masu taimaka masa ji ya ajiye a kan tebur, ya ce in kunna na farkon a lasifika. Na kunna. Ya kawo kunnensa dab, ya saurara, ya girgiza kai.

"Ke kina jin turmi daban, zabi daban, tsoho daban. Ni kunu nake ji, duk an dama."

Ya mayar da na'urorin, ya ce a cikin ƙa'idojin da suke bi don masu raunin ji akwai cewa in magana ce a sauti, to ko dai a rage abin da ke bayanta sosai, ko a ba mai saurare damar kashe shi. Na ce ƙa'ida daban, uwa daban. Efuwa ce ta raba mu. Ta ce ba dole sai an zaɓi ɗaya ba, ba a yi shafi don a yanke wa mai saurare hukunci ba. A gabana ta rubuta ɗan shafi mai maɓalli biyu manya, ɗaya an rubuta Da gida, ɗaya Murya kaɗai, ta kuma shirya shi yadda in an buɗe sau ɗaya zai zauna a waya ko ba sabis. Na yarda don kunya kawai. A raina na riga na yanke cewa maɓalli na biyu ba zan taɓa danna shi ba.

Sauran lokacin taron a teburin nan na ƙare shi. Mutawakilu ya ciro hirarrakin sauran manoman gaba ɗaya daga tsohon shafin, ya kuma ajiye hanyar da ya bi a fili don duk mai irin matsalarmu ya ɗauka kyauta. Ni kuma suka koya mini rubuta abin da ake faɗa layi-layi da lokacinsa, don kurma ya karanta. A cikin waɗannan manoma na san da yawa, kuma kaɗan ne suke raye. Da za mu rabu na ba Mutawakilu ƙuli-ƙulin Inna da ya rage. Ya shinshina ya ce rabonsa da irin wannan tun kakarsa tana da rai.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai ta fi zuwa tsawo. A Lome na kira Hajiya Ladi ta same ni a tasha, na kara mata wayar a kunne, ta saurara ta ce, "Wannan daka ta mace mai haƙuri ce." A Legas ƙanina ya kira ya ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na yi ta jin haushin an yi ba ni nan, kamar an yi biki ba a gaya mini ba. Ban tsaya a Kano ba, na wuce tasha na hau motar Minjibir. Binne ya tsiro, layi-layi kore a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, mutane sun bazu a gonaki suna cike gurbin da bai fito ba.

Bayan la'asar na tarar da Inna a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Gwanja, ba ta tambayi abin da na je nema ba. Na zauna ta hagunta na ce, "Inna, an samu." Ta karkaɗe hannunta a zani. Na danna Da gida, na kara mata wayar a kunne.

Ina jin turmin yana fitowa ta gefen wayar. Ta runtse ido, ta danna wayar da tafin hannu, ta karkata kai. Na ƙure ƙarar har wayar ta fara kakari. Ta daɗe a haka. Daga nan ta sauke ta miƙo mini.

"Kamar ranar kasuwa. Ina jin ana magana, ban san wa ke yi ba." Ta jawo ƙwaryar gyaɗarta. "Bar shi, Mai rediyo. An makara. Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari."

Na riƙe wayar ina kallon maɓallan nan biyu. Na ce, "Inna, akwai wani." Na danna na biyun, na sake kara mata.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ba ta runtse ido ba wannan karon, ta buɗe su ne a kan bangon da ke gabanta. Ta ce a hankali, "La ilaha illallahu. Shi ne." Ta karɓe wayar daga hannuna ta riƙe da hannu biyu. Ina gefe ina jin muryar Baba siririya, yana faɗin zurfin rami, Inna tana gyaɗa kai, wani wurin ta ce haka ne, wani wurin ta ce uhm. Na san inda ake dosa, ina shirin in gaya mata cewa a nan ta yi magana amma an share.

Baba ya ce shekarar da ya sayi baƙin jaki. Shirun ya zo.

"A'a, Malam," in ji Inna, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Ba ita ba ce. Shekarar da aka samu yarinyar nan ce. Jakin ai sai da kaka ta biyu."

Wayar ta yi dariya a kunnenta. "To, kin ji innarki. Ita ke riƙe da shekaru a gidan nan."

Inna ta sa haɓar mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ban iya bambance dariya ce ko kuka ba. Da hirar ta ƙare ta share ido ta dube ni.

"Kin gani? Yau ya tsaya sai da na gama magana." Ta miƙo wayar, amma ba ta sake ta ba. "Nuna mini inda ake dannawa."

Na nuna mata. Washegari na koma Kano ba waya. Waɗanda suka yi ta kirana a makon nan ba su same ni ba su yi haƙuri, tana wurinta.